Ali Soufan, Mai Tambayar da Ba Ya Duka

Idan aka ce in zaɓi littafi guda daga cikin waɗanda tsofaffin jami'an tsaro suka rubuta kan rayuwarsu ta aiki, ba sai na yi dogon tunani ba: The Black Banners ne, na Ali Soufan. Yawancin littattafan irin wannan hali ɗaya ne da su. Mutum zai bar aiki, ya zauna ya wanke kansa tas, abin da ya gyaru shi ya gyara, abin da ya lalace wani ne ya ɓata. Na Soufan ya fita daban. Shi aikin kansa yake nuna maka, ɗaki bayan ɗaki, tambaya bayan tambaya, har ka ji kamar an ba ka kujera a gefe kana kallo. Ina son littafin nan ƙwarai da gaske, kuma ba na jin nauyin faɗa.

An haifi Soufan a Labanan a 1971, ya tashi cikin yaƙin basasar ƙasar, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana saurayi. Ya yi jami'a a jihar Pensilbaniya, ya shiga hukumar FBI a 1997, kuma gardama ce da abokan karatunsa ta sa ya nemi aikin tun farko. A lokacin, jami'an hukumar masu jin Larabci takwas ne kacal a duk faɗin ƙasar, shi kaɗai ne a ofishin Niyok. Musulmi ne, Larabci harshen gidansu ne, kuma yana bin jaridun Larabawa don sha'awar kansa. Ta haka ya lura da wani attajiri ɗan Saudiyya mai shelar yaƙi da Amurka daga Afganistan, ya rubuta takarda a kansa ya miƙa wa manyansa. Ranar 7 ga Agusta 1998 bama-bamai suka tashi a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu, mafi yawansu 'yan Afirka. Daga nan sunan Usama bin Ladan ya shiga bakin kowa, shi kuma yaron da ya riga kowa rubutu a kansa ya faɗa hannun John O'Neill, shugaban sashen tsaron ƙasa na ofishin Niyok.

Yadda Soufan ya zana O'Neill kaɗai ya isa a sayi littafin. Mutum ne mai zafin rai, mai son ado, mai jan yaransa zuwa cin abincin dare a yi ta hira har tsakar dare, sannan ya buƙaci kowa ya iso ofis da sassafe. Yana da abokan gaba da yawa a Washinton, kuma ba duka ne ba su da hujja ba. Amma ya gane haɗarin Alƙa'ida tun mutane na ganin abin wasa ne, kuma yana tsaya wa na ƙasa da shi. Soyayyar ɗalibi ga malaminsa tana fitowa a duk shafin da sunansa ya zo, ba tare da an mai da shi waliyyi ba.

Sai Aden. A nan ne littafin ya kama ni sosai. Ranar 12 ga Oktoba 2000 wasu mutum biyu cikin ƙaramin kwalekwale suka matso jikin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Cole yana shan mai a tashar Aden ta ƙasar Yaman, suka tashi bam ɗin da suke ɗauke da shi. Sojojin ruwa 17 suka mutu. Aka damƙa wa Soufan binciken yana ɗan shekara 29. Ku dubi abin da ya tarar. Gwamnatin Shugaba Ali Abdullah Saleh da farko cewa ta yi haɗari ne. Jami'an tsaron ƙasar ba su yarda baƙi su zauna da waɗanda ake zargi ba, sai dai a rubuta tambaya a ba su, su kai, su dawo da amsar da suka ga dama. Jakadiyar Amurka, Barbara Bodine, ba sa ga maciji da O'Neill, har ta kai da ya je gida hutu a watan Nuwamba ta hana shi dawowa ƙasar. Ga barazanar kisa a otal ɗin da suka sauka. Cikin wannan hali Soufan ya riƙa zama da Janar Ghalib al-Qamish, shugaban hukumar tsaron siyasa ta Yaman, yana shan shayi da shi, yana gardama da shi cikin harshensu, har ƙofa ta fara buɗewa.

Abin da ke burge ni a waɗannan babuka shi ne ƙananan abubuwan da mai binciken gaske kaɗai ke lura da su. An taɓa gwada irin wannan hari a watan Janairun 2000 kan wani jirgin mai suna USS The Sullivans, amma kwalekwalen ya nutse saboda nauyin abin fashewar da aka labta masa. Wanda aka ɗora wa ɗaukar harin Cole a bidiyo, Fahd al-Quso, barci ya kwashe shi, bai ɗauki komai ba. Ranar da aka bar Soufan ya zauna da shi, wani babban jami'in Yaman ya shigo ɗakin ya sumbaci fursunan a kumatu biyu a gaban idon baƙi, wato saƙo ne cewa wannan namu ne. Duk da haka Soufan ya zauna da shi kwana da kwanaki har ya fara ba da labari. Cikin labarin ya ambaci cewa a farkon shekarar 2000 ya kai dala 36,000 birnin Bangkok, ya damƙa wa wani na hannun daman bin Ladan mai ƙafar roba da ake kira Khallad.

Da wani mai binciken ne, da ya rubuta wannan ya wuce. Soufan ya tsaya. Ana shirya hari a Yaman, ana buƙatar kuɗi a Yaman, to me zai fitar da kuɗi daga Yaman zuwa gabashin Asiya? Ruwa ba ya tsami banza. Lallai akwai wani shiri da ake ƙullawa a wani wuri. Ya aika wa hukumar leƙen asiri ta CIA tambaya kan Khallad da kuma ko an yi wani taro a Maleshiya. Ya sake aikawa. Ya kuma aikawa karo na uku. Ba a ba shi abin da ya nema ba.

Alhali hukumar ta san da taron. A watan Janairun 2000 an bi sawun wasu 'yan Alƙa'ida da suka taru a Kuala Lumpur, an ɗauki hotunansu. Cikin mahalartan akwai Khallad, akwai Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi. Waɗannan biyun sun sauka a Los Angeles ranar 15 ga Janairu 2000, suka zauna a San Diego da sunayensu na gaskiya. Suna cikin waɗanda suka kifar da jirgi kan ma'aikatar tsaron Amurka ranar 11 ga Satumba 2001. Soufan yana birnin Sana'a a ranar. Washegari aka miƙa masa ambulan, ya buɗe ya ga hotunan Maleshiya da bayanan da ya shafe watanni yana roƙo. Ya ruga banɗaki ya yi ta amai. Ihu bayan hari. Kuma O'Neill, wanda ya bar FBI a watan Agusta ya karɓi aikin shugaban tsaro na tagwayen benayen Niyok, yana cikin kusan mutum 3,000 da suka mutu. Bai cika wata guda a sabon aikin ba.

Na san yadda labarin zai ƙare tun kafin in buɗe littafin, kowa ma ya sani. Duk da haka wannan babi ya girgiza ni, saboda Soufan bai yi kururuwa a cikinsa ba. Ya jera ranakun da ya yi tambaya, ya jera abin da aka sani a kowace ranar, ya bar mai karatu ya haɗa da kansa.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya shiga ɗakin da, a ganina, ya fi kowane ɗaki daraja a littafin. Nasser al-Bahri, wanda aka fi sani da Abu Jandal, tsohon mai gadin bin Ladan ne, mutumin da aka ba bindiga da umarnin ya harbe ubangidansa idan har za a kama shi da rai. Yana tsare a Yaman tun bayan harin Cole. Amurka na son hujjar cewa Alƙa'ida ce ta kai harin Satumba, domin ƙasashe da dama, har da na Musulmi, suna shakka. Soufan ya shiga tare da abokin aikinsa Robert McFadden na hukumar binciken laifuka ta rundunar sojan ruwa. Abu Jandal ya ƙi ko kallonsu, ya juya yana yi musu wa'azi kan zaluncin Amurka. Suka saurare shi. Kowace rana sai sun karanta masa haƙƙinsa na yin shiru idan ya ga dama, kamar yadda dokar ƙasarsu ta tanada. An kawo shayi da biskit, suka lura bai taɓa biskit ɗin ba. Suka bincika, aka ce yana da ciwon suga. Zama na gaba suka zo masa da biskit marar sukari.

Jama'a, ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutumin nan an koya masa cewa Ba'amurke dabba ne, kuma ya shirya wa duka, ya shirya wa zagi, yana da amsar kowannensu. Abin da bai shirya wa ba shi ne wanda yake ɗauka maƙiyi ya damu da lafiyarsa. Daga ranar ya fara ɗaga ido yana kallonsu. Soufan ya shiga muhawarar addini da shi, aya da aya, hadisi da hadisi, kan hukuncin kashe mata da yara da wanda bai ɗauki makami ba. Ya kawo masa littafin tarihin Amurka da Larabci, mutumin ya sha mamakin jin cewa ita ma ƙasar da tawaye ga sarkin Ingila ta samu kanta. Sannan aka ajiye masa kundin hotuna. Ya nuna manyan da duniya ta sani, ya ce sauran bai san su ba. Amma Soufan ya riga ya san cewa wani daga cikinsu, Marwan al-Shehhi, ya taɓa kwantawa rashin lafiya a gidan baƙi na Kandahar, kuma Abu Jandal ne ya yi jinyarsa. Da ya tuna masa, kunyar a kama shi da ƙarya ta sa ya amsa. Ya ci gaba da nuna wasu, yana faɗin laƙabinsu, har mutum bakwai, yana tabbatar da cewa 'yan ƙungiyar ne. Bai san su waye ba a idon masu tambayarsa. Sai a ƙarshe Soufan ya sanar da shi cewa waɗanda ya nuna su ne suka sace jiragen, kuma da bakinsa ya tabbatar da wanda ya aike su. Mutumin ya rushe. Bayan haka ya zazzage abin da ya sani game da tsarin ƙungiyar, makamanta, gidajenta da hanyoyin sadarwarta, bayanan da sojoji suka yi aiki da su a Afganistan.

Ba a mare shi ba ko sau ɗaya. Kuma kada wani ya ɗauka tausayi ne kawai ya yi aikin. Soufan ya nanata cewa makaminsa ilmi ne. Kafin ya shiga ɗaki sai ya haddace duk abin da aka sani kan mutumin, ƙauyensu, abokansa, wanda ya yi faɗa da shi, abin da yake alfahari da shi. Sai ya riƙa yin tambayar da ya riga ya san amsarta, har fursunan ya kasa gane iyakar abin da aka sani, ya ga ƙarya ba ta da riba. Aikin kamar jan guga ne daga rijiya mai zurfi da tsohuwar igiya, in ka fizga ta tsinke, ka rasa gugan da ruwan. Haka ya yi da Salim Hamdan, direban bin Ladan, a Guantanamo. An yi ta yi wa mutumin alkawarin zai yi magana da matarsa ba a cika ba. Soufan ya samo waya ya ba shi. Da ya ji muryar iyalinsa ya yi sujadar godiya, sannan ya fara magana. Hamdan da Abu Jandal 'yan gida ɗaya suka aura, ya da ƙanwa, kuma irin wannan sani na dangantaka da auratayya shi Soufan ke bi yana warware ƙungiyar.

Sunan littafin ma daga irin wannan zama ya fito. Akwai wata ruwaya kan runduna mai baƙaƙen tutoci da za ta taso daga Khurasan, wadda malaman hadisi da dama suka raunana, amma Alƙa'ida ta riƙe ta tana jan samari da ita, tana ce musu su ne rundunar. Soufan ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ya zauna da su iliminsu na addini bai taka kara ya karya ba, 'yan ruwayoyi ne aka haddasa musu aka turo su. Na ji daɗin wannan sashe matuƙa. Musulmi ne ke magana, wanda ya san bambancin addininsa da abin da aka yi da sunansa, kuma ba ya roƙon kowa gafara kan imaninsa.

Rabin littafin na biyu ya fi ɗaci. Ranar 28 ga Maris 2002 aka kama Abu Zubaydah a Faisalabad ta Pakistan bayan an harbe shi, aka kai shi wani ɓoyayyen sansanin CIA a ƙasar Tailan. Soufan da abokin aikinsa Steve Gaudin ne suka fara zama da shi. Da aka tambaye shi sunansa ya ba da na ƙarya. Soufan ya ce to shi zai kira shi Hani, sunan da mahaifiyarsa ke kiransa da shi yana yaro. Nan take mutumin ya gane cewa an san shi ciki da bai. Raunukansa suka tsananta har ya kusa mutuwa, jami'an biyu suka zauna a gefen gadonsa suna jiƙa masa leɓe da ƙanƙara, suna goge masa jiki idan ya ɓata kansa. Wata rana Gaudin na neman hoton wani mutum a 'yar na'urarsa ta hannu, ya buɗo wani hoton daban bisa kuskure. Abu Zubaydah ya ce ai wannan shi ne Mukhtar, wanda ya tsara harin Satumba. Hoton Khalid Sheikh Mohammed ne. Ta haka Amurka ta tabbatar da wanda ya kitsa harin. Daga bakinsa kuma aka samu bayanin da ya kai ga kama wani da ake zargi da shirya hari, Jose Padilla, a filin jirgin Chicago ranar 8 ga Mayu 2002.

Ana cikin wannan sai aka turo wani ɗan kwangila, masanin halayyar ɗan'adam, wanda bai taɓa yi wa ɗan Alƙa'ida tambaya ba kuma ba ya jin Larabci. A bugun farko Boris aka kira shi, daga baya duniya ta san James Mitchell ne. Aka tuɓe fursunan tsirara, aka hana shi barci, aka sakar masa sanyi da kiɗa mai ƙara. Ya yi gum. Da aka ga ba ci gaba sai a mayar wa Soufan da Gaudin, su lallaɓa ya fara magana, sai a sake karɓe shi. Ranar da Soufan ya ga an kawo wani akwati mai kama da na gawa da za a riƙa kulle mutumin a ciki, ya buga waya hedikwata ya ce in ba a janye shi ba zai kama masu yin wannan aiki. Shugaban FBI Robert Mueller ya yanke cewa jami'ansa ba za su shiga irin wannan ba. A watan Agustan 2002 aka yi wa Abu Zubaydah azabar ruwa sau 83, wato a ɗaure mutum a kan katako, a rufe fuskarsa da ƙyalle, a riƙa kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. Khalid Sheikh Mohammed an yi masa sau 183 a watan Maris na 2003.

A nan Soufan ya yi abin da ya sa nake ƙara ganin girmansa. Bai tsaya kan cewa azabtarwa zalunci ce ba, ko da yake ya faɗa. Kalanda ya ɗauko. Masu kare shirin sun yi ta cewa azabar ruwa ce ta fito da sunan Padilla. To an kama Padilla a watan Mayu, izinin azabar ruwa kuwa sai 1 ga Agusta ya fito. Ta yaya abin da aka yi a Agusta zai haifi kamun da aka yi a Mayu? Ya kuma kawo labarin Ibn al-Shaykh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, ya sha wuya har ya ce Iraƙi ta koya wa Alƙa'ida haɗa makamai masu guba. Wannan magana ta shiga jawabin sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003, aka tafi yaƙi, daga baya mutumin ya janye, ya ce ya faɗa ne don a ƙyale shi. Wanda ake azabtarwa abin da zai sa a daina yake faɗa, kuma masu azabtarwar ba su da ma'aunin da za su rarrabe gaskiyarsa da ƙaryarsa.

Na san akwai masu ja da shi. Jose Rodriguez, tsohon babban jami'in CIA, ya rubuta nasa littafin yana kare shirin. Shi ne kuma ya ba da umarnin lalata faya-fayan bidiyo 92 na waɗannan zaman a 2005. Wanda ya yarda da aikinsa ba ya ƙona shaidarsa. A watan Disamban 2014 kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan Amurka ya fitar da taƙaitaccen rahotonsa bayan nazarin miliyoyin takardun hukumar kanta, ya ce hanyoyin ba su yi amfani wajen samun bayanai ba, kuma an biya kamfanin Mitchell da abokinsa Bruce Jessen dala miliyan 81. Abu Zubaydah ya shafe fiye da shekara 20 a tsare ba a tuhume shi a kotu ba. Abd al-Rahim al-Nashiri, wanda ake zargi da tsara harin Cole, shari'arsa ta yi ta jan ƙafa, kuma a watan Agustan 2023 alƙalin soja ya yi watsi da iƙirarinsa saboda azabtarwar da ta gabace shi. Iyayen sojojin nan 17 su aka cuta. Soufan ya gina musu ƙara mai ƙarfi da hannunsa a Aden, wasu suka zo suka gurɓata ta.

Shi kansa ya bar aiki a 2005. A watan Mayun 2009 ya ba da shaida a gaban majalisar dattawa daga bayan labule don kare lafiyarsa. Da ya rubuta littafin tare da Daniel Freedman, CIA ta dage sai an goge sassa masu yawa, har da abubuwan da ya riga ya faɗa a bainar jama'a, har da kalmomin da ke nuna cewa shi ne a ɗakin. Bai cire shafukan ba, ya buga su a 2011 da baƙaƙen layuka a kan wuraren da aka hana. Sai a 2020, bayan doguwar taƙaddama, aka saki rubutun kusan cikakke. Wanda zai saya ya nemi wannan bugun na 2020. Littafin yana da kauri, sunaye da laƙabai sun yi yawa a farkonsa, amma a daure, da an isa Aden ba mai sake tunanin tsayawa. Wanda ya kalli shirin talabijin na The Looming Tower, inda Tahar Rahim ya fito a matsayin Soufan, ya ga inuwa ce kawai. Ainihin abin yana cikin littafin.

Ina karantawa zuciyata na komowa gida, ba yadda zan hana ta. Umar Farouk Abdulmutallab, ɗan ƙasarmu da ya yi yunƙurin tashin bam a jirgin da ke zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba 2009, bayan ya yi shiru jami'an FBI suka zo Najeriya, suka tafi da wasu daga cikin danginsa, ya gan su, ya ci gaba da magana. Hanyar Soufan ke nan, kuma ta yi aiki a kan ɗanmu. Watanni biyar kafin wannan, ranar 30 ga Yuli 2009, sojoji sun kama Muhammad Yusuf, shugaban masu tayar da ƙayar baya, da rai a Maiduguri, suka yi masa 'yan tambayoyi da Hausa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, kafin gari ya waye gawa ce. Mutumin da ya san kowane kwamanda, kowane mai ba da kuɗi, kowace hanyar da makami ke shigowa. Duk ya tafi da su kabari, mabiyansa suka samu abin kafa hujja, Abubakar Shekau ya ɗare kujerar.

Muna da jami'ai da suka shafe shekaru a wannan fama, a Borno da Yobe da Diffa da bakin Tafkin Chadi, masu jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, waɗanda suka zauna gaba da gaba da mayaƙan da aka kama ko suka miƙa wuya. Wasunsu sun yi ritaya. Ina roƙonsu su karanta Soufan, sannan su ɗauki alƙalami. Ina son in san wace tambaya ce ta buɗe bakin yaron da aka sace daga ƙauyensu yana ɗan shekara goma aka mai da shi mayaƙi, wane rahoto ne aka rubuta ya kwana a teburin wani har hari ya auku, kuma wace hukuma ce ta san abu ta ƙi gaya wa 'yar'uwarta. Masu fassara kuma, ga aiki yana jiranku: babin Abu Jandal kaɗai in aka juya shi zuwa Hausa aka karanta a rediyo, za a yi mako ana maganarsa daga Kano har Damagaram.